Ƙuri'a a matsayin shaida: imani da zaɓe a kwarin Komadugu

Malaman fiƙihu na wannan zamani da suka duba hukuncin zaɓe sun fi karkata ga ɗaukar ƙuri'a a matsayin shaida. A ganinsu, wanda ya dangwala yatsa a gefen hoton ɗan takara ya shaida ne cewa mutumin ya cancanci a damƙa masa al'amuran jama'a. Mufti Muhammad Shafi na Pakistan ya ƙara mata fuska biyu: ceto ce, wato sa baki domin wani ya samu muƙami, kuma wakilci ce da mai zaɓe ke bayarwa a madadin kansa da sauran al'umma. Shaihi Yusuf al-Ƙaradawi ma ta kan shaida ya bi, har ya ga cewa ƙin fita zaɓe ba tare da uzuri ba yana iya shiga cikin ɓoye shaida, abin da Alƙur'ani ya hana a ƙarshen Suratul Baƙara. Idan aka karɓi wannan ƙiyasi, sharuɗɗan shaida suna biyo ƙuri'a. Dole mai bayarwa ya san abin da yake shaida a kansa, kada a tilasta masa, kada a saye shi, kada kuma zumunta ta karkatar da harshensa. Jihar Diffa, a ƙuryar kudu maso gabashin Nijar, wuri ne da kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya sha jarrabawa a cikin shekarun da ƙasar ta yi tana zaɓe na jam'iyyu da yawa.

Dokar Nijar ba ta ba addini ƙofar shiga siyasa ta hanyar jam'iyya ba. Bayan babban taron ƙasa na 1991, an yi ja-in-ja a kan kalmar Faransanci da ke nufin ƙasa ba ruwanta da addini, domin ƙungiyoyin Musulunci sun ji ta a matsayin rashin addini. Kundin tsarin mulkin 1992 ya kauce wa kalmar, ya rubuta rabuwar gwamnati da addini, kuma haka kundin 2010 ya riƙe, tare da hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki. Amma kundin nan da kansa ya wajabta wa shugaban ƙasa ya yi rantsuwa da littafi mai tsarki na addininsa, haka ma manyan alƙalan kotun tsarin mulki. A ƙasar da kusan kashi 99 cikin 100 na jama'arta Musulmi ne, ma'anar wannan ita ce Alƙur'ani. Saboda haka fafatawar zaɓen shugaban ƙasa ba ta ginu a kan bambancin addini ba. Manyan masu takarar ana ganinsu a sahun gaba ranar Idi. Addini ya shiga ne ta ƙofofi biyu, rantsuwar wanda aka zaɓa da zuciyar wanda ya yi zaɓen.

Diffa tana nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,300, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 600,000 a jihar: Barebari na Manga da Mobar, Fulani, Tubawa, Larabawa, Buduma na tsibiran Tafkin Chadi, da Hausawa 'yan kasuwa da masunta. Kogin Komadugu ne iyaka da Najeriya, sai dai iyaka ce da ake tsallakewa da ƙafa idan ruwa ya janye, kuma naira ta daɗe tana yawo a kasuwannin yankin kafaɗa da kafaɗa da sefa. Alaƙar malami da mai mulki tsohuwa ce a nan. Birnin Gazargamu, cibiyar daular Borno tun ƙarni na 15 har zuwa faɗuwarsa a 1808, a kusa da wannan kogi yake. Sarakunan Borno sun riƙa ba gidajen malamai takardar mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da zuwa yaƙi, su kuma malamai su tsaya wa sarki da addu'a. Ɗan takarar da yake aika buhun shinkafa da kwalin sukari zauren Goni a jajibirin zaɓe ya gaji wannan al'ada ne, ko da bai san sunanta ba. Bambancin shi ne mahram kariya ce ta dindindin da ke ba malami 'yancin faɗin gaskiya, buhun shinkafa kuwa yana ƙarewa, kuma mai shi yana sa ran a ambaci sunansa a bayan karatu.

Kafin a kai ga yadda za a yi zaɓe, akwai waɗanda suka ce bai halatta a yi shi ba sam. Muhammad Yusuf na Maiduguri ya gina wa'azinsa a kan cewa dimokuraɗiyya ɗagutu ce, kuma mai jefa ƙuri'a da ma'aikacin gwamnati duk sun ba wanin Allah haƙƙin hukunci. Kaset-kaset ɗinsa sun tsallako Komadugu tun kafin a kashe shi a Yulin 2009, kamar yadda raddin malaman da suka ja da shi ya tsallako, irin su Shaihi Ja'afar Mahmud Adam na Kano. Hujjar masu raddin ba ta ce dimokuraɗiyya wahayi ce ba. Sun ce hanya ce ta tantance shugaba, kuma idan mutanen kirki suka janye hannu, mulki ba ya ɓacewa, hannun wasu yake faɗawa. Kwarin Komadugu ya taɓa jin irin wannan muhawara shekaru ɗari biyu da suka wuce, lokacin da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello na Sakkwato. Jigon maganar al-Kanemi shi ne saɓo da zaluncin masu mulki ba su mayar da Musulmi kafiri, balle su halatta jininsa. Abin da ke biyo bayan watsi da wannan ƙa'ida mutanen Diffa sun gan shi da idanunsu tun daga harin farko da mabiyan Yusuf suka kai a kan Bosso da garin Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015. A daren 12 ga Disamban 2020, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfunan zaɓen ƙananan hukumomi, mahara suka afka wa Toumour, suka kashe mutum fiye da 25, suka ƙone gidaje da kasuwa. Wanda ya shiga layin zaɓe a wannan yanki washegari ya riga ya ba da wata shaida tun kafin a miƙo masa takarda.

Ma'aunin da ake auna ɗan takara da shi a littattafan siyasar Musulunci abu biyu ne, ƙarfi da amana, kuma an ciro su daga labarin Annabi Musa a Madyana cikin Suratul Ƙasas. Ƙarfi a nan iya aikin ne. Abu Zarri, duk da tsoron Allahn da aka san shi da shi, ya nemi muƙami, Annabi (SAW) ya hana shi saboda rauninsa a wannan fanni, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ibn Taimiyya ya kawo cewa an tambayi Imam Ahmad a kan jagororin yaƙi biyu, ɗaya jarumi ne mai saɓo, ɗaya salihi ne mai rauni, sai ya zaɓi na farko, domin saɓonsa a kansa yake, ƙarfinsa kuwa na jama'a ne. Wannan ya rushe tunanin cewa yawan Umra ko gina masallacin Juma'a sun isa hujjar zaɓen mutum. Bai kuma buɗe ƙofa ga ɓarawo mai ƙwazo ba, domin satar dukiyar jama'a ba saɓo ne da ke tsayawa a kan mai shi ba.

Sharaɗin sani ya fi sauƙin cika a Diffa fiye da yadda ake zato, domin ayyukan gwamnati sun taɓa tukunyar kowa. Tattasai shi ne arziƙin kwarin Komadugu. Ana shuka shi a gonakin bakin kogi da injin ban ruwa, a shanya shi a ƙasa har fili ya yi ja wur, a ɗura a buhuna a kai kasuwannin Najeriya. Dokar ta-ɓaci ta Fabrairun 2015 ta zo da hana hawa babur, da taƙaita sayen man fetur da takin zamani, da hana cinikin tattasai da bandar kifi, bisa hujjar cewa mayaƙa suna karɓar haraji daga gare su. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilun wannan shekara aka umarci mazauna tsibiran tafki su fice cikin 'yan kwanaki, dubban mutane suka taka da ƙafa zuwa N'Guigmi da Bosso. Sai a 2017 aka sake halatta cinikin tattasai, kamun kifi kuwa sai 2019. Manomin da ya koma zaman bukkar zana a gefen babbar hanyar kwalta yana da ilimin da zai yi shaida da shi, amma ilimin yana ja ta fuska biyu. Gwamnatin da ta hana shi noma ita ce kuma sojojinta ke tsaye tsakaninsa da masu yanka. Ko ya saka mata don tsaro ko ya hukunta ta don yunwa, duka biyun suna iya fitowa daga zuciya mai gaskiya, kuma babu nassin da ya yanke masa ɗaya. Wannan shi ne fagen ijtihadi, inda mutum biyu masu tsoron Allah za su saɓa ba tare da ɗayansu ya zama fasiƙi ba. Limamin da ya hau mumbari ya ce zaɓen wane wajibi ne, na wane kuma haramun, ya ɗauki abin da ake zato ya sa masa rigar yaƙini.

Sayen ƙuri'a ne ya fi cin lokacin masu wa'azi. Yadda yake gudana sananne ne a Nijar da Najeriya baki ɗaya: atamfa mai hoton ɗan takara ga mata, sabulu da sinadarin miya, jika ɗaya ko biyu a dunƙule cikin musabaha, kuɗin shayi ga matasan fada, sannan babban kaso ga wanda ake ganin yana da jama'a a bayansa. Tunda ƙuri'a a ɓoye ake jefa ta, mai saye ba shi da tabbacin kayansa, shi ya sa wasu kan fito da Alƙur'ani a ce mai karɓa ya dafa. A nan ne imani ke komawa makami a hannun mai cin amana, domin wanda ya fi tsoron Allah shi ne ya fi ɗauruwa. Amsar fiƙihu a fili take: rantsuwar da aka yi a kan aikata ba daidai ba karya ta ake yi, a yi kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya sa mutumin da ke mubaya'a don abin duniya kaɗai, in an ba shi ya cika in an hana shi ya warware, a cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama.

Shawarar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce a ci kuɗinsu a zaɓi wanda ake so, tunda dai dukiyar ƙasa ce suka kwaso. Wasu malamai sun yi shiru a kanta, wasu sun ƙi ta, kuma masu ƙin sun fi kusa da sanin halin ɗan Adam. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko da mutum ya iya danne kunyarsa a bayan labule, ya koya wa ɗan takara cewa hanyar mulki kuɗi ce, shi kuma zai mayar da abin da ya kashe daga asusun rijiya da na ɗakin shan magani. Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora hukunci ɗaya a kan attajirin da ya sayar da unguwa guda da matar da ke sansanin gudun hijira ta karɓi tiya ɗaya ta gero. Shari'a ta san lalura, kuma nauyin laifin yana komawa ga wanda ya mayar da yunwar mutane jari.

Zumunta ta fi kuɗi wuyar sha'ani, domin ba ta da kamar laifi. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta umarci a tsayar da shaida ko da a kan kai ce ko iyaye ko dangi, kuma tarihin siyasar Diffa ya kawo wannan umarni har ƙofar gida. Mamadou Tandja ɗan Maine-Soroa ne, an haife shi a 1938. Ya sha kaye a hannun Mahamane Ousmane a 1993, ya ci zaɓe a 1999 da 2004 a ƙarƙashin MNSD-Nassara, kuma jiharsa ta kasance daga cikin tungayen jam'iyyar. Talakawan karkara sun so shi, suna ce masa Baba Tandja, saboda azuzuwa da ɗakunan shan magani na shirinsa na musamman, kuma a zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar 2008 da kamfanin CNPC na Sin don haƙo man Agadem, a arewacin jihar. Kundin 1999 da ya rantse a kansa ya ƙayyade wa'adi biyu, ya kuma hana taɓa wannan sashe. A watan Maris na 2009 ya faɗa a bainar jama'a cewa zai sauka idan wa'adinsa ya cika. Amma Tazarce, wato yunƙurin neman ya zarce a kan mulki, ta riga ta tashi. Da kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce zaɓen raba-gardamar da yake so bai halatta ba, sai ya rusa majalisar dokoki ranar 26 ga Mayu, ya rusa kotun ranar 29 ga Yuni, aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, aka bayyana cewa sama da kashi 92 cikin 100 sun amince.

A wannan rikici rantsuwa biyu ne suka yi karo, ta shugaban ƙasa da ta alƙalan kotu, dukkansu a kan littafi ɗaya. Masu goyon bayan Tazarce sun ce Tandja ya rantse ne ga Allah da kuma al'umma, saboda haka idan al'umma ta nemi ya zarce ba shi da ikon ƙi. Masu adawa suka ce wanda aka ba amana ba shi ne zai shirya taron da za a yafe masa sharaɗin amanar ba. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, domin da ta farko za ta tsaya, da babu rantsuwar da za ta ɗaure mai mulki. Mutumin Maine-Soroa da aka kira ya ce i ko a'a ranar 4 ga Agusta yana tsakanin ɗan garinsu da ya yi musu aiki da alƙawarin da ɗan garin nasu ya ɗauka hannunsa a kan Alƙur'ani. Sojoji ne suka raba gardamar ranar 18 ga Fabrairun 2010. Tandja ya rasu a Nuwamban 2020, aka binne shi a garinsu cikin girmamawa, kuma ƙaunar da aka nuna masa ba ta goge tambayar ba.

Zaɓen 2020 da 2021 ya juya matsalar ta ɗaya fuskar. Mohamed Bazoum, wanda aka haifa a 1960 a Bilabrine cikin jihar Diffa, ya tashi a Tesker, Balarabe ne daga Awlad Sulaiman, ƙabila mai ƙarancin jama'a. An kai ƙara a kan asalin zamansa ɗan ƙasa, kotu ta yi watsi da ita, amma zancen launin fata da asali ya ci gaba a dandalin yaƙin neman zaɓe. Ƙin mutum saboda ƙabilarsa da son mutum saboda ƙabilarsa, a ma'aunin shaida, karkata ɗaya ce. Akwai abubuwan da za a iya auna shi da su a Diffa: shi ne ministan cikin gida da ya sanar da afuwa ga tubabbun mayaƙa a Disamban 2016, aka buɗe musu cibiya a Goudoumaria, lamarin da ya raba kan jama'a tsakanin masu ganin ƙofar tuba ba ta rufuwa da waɗanda aka kashe musu 'ya'ya. Ya ci zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairun 2021 da kusan kashi 56 cikin 100, abokin karawarsa Ousmane ya ƙi amincewa da sakamakon.

Akwai lokacin da shaida ta shiga zaɓen Nijar a zahirinta. A 2016 an yarda wanda ba shi da takardar shaidar ɗan ƙasa ya jefa ƙuri'a idan mutum biyu suka shaida cewa shi ne mai sunan da ke rajista. A yankin da mutane suka gudu suka bar takardunsu a gidajen da aka ƙone, dabarar tana da dalili. 'Yan adawa kuwa sun gan ta a matsayin ƙofar maguɗi, kuma fargabarsu ma tana da tushe, domin tsarin ya dogara ne kacokan a kan cewa mutum biyu ba za su yi shaidar zur ba, wadda hadisi ya jera ta tare da shirka da saɓa wa iyaye. Haka abin yake ga shugaban rumfa da wakilan jam'iyyu masu sa hannu a takardar sakamako bayan an ƙirga da fitilar hannu. Wa'azin zaɓe yakan tsaya a kan talaka da jikarsa ɗaya, alhali wanda ya canza lamba a takarda ya shafe shaidar gari guda.

Batun ƙuri'ar mata bai ɗauki dogon lokaci ba a Nijar kamar yadda ya ɗauka a arewacin Najeriya, inda sai a ƙarshen shekarun 1970 mata suka fara zaɓen ƙasa. Dokar kaso ta 2000 ta ware musu kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 25 a 2019. Abin da ya rage shi ne maigidan da ke yanke wa gida duka wanda za a zaɓa, da bulama ko lawanin da ke yi wa gari haka, duk da cewa doka ta nemi sarakunan gargajiya su tsaya tsakiya. Shaida ba a ba da ita a madadin wani, kuma biyayyar aure ba ta kai nan ba.

Ƙiyasin ƙuri'a da shaida yana da iyaka. Mai shaida a kotu yana faɗin abin da ya gani ne, mai zaɓe kuwa yana hasashen abin da mutum zai yi, don haka kuskurensa ba ƙarya ba ce. Mai shaida yana iya cewa bai ga kowa ba, mai zaɓe kuwa sau da yawa yana gaban mutum biyu da bai gamsu da ko ɗaya ba, sai ya koma ga ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Sannan shaida tana buƙatar majalisar da za ta yi aiki da ita. Tun 1993, sojoji sun katse mulki a 1996 da 1999 da 2010 da kuma 26 ga Yulin 2023, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Bazoum. Malamai sun sake rabuwa kamar yadda suka saba: wasu sun jagoranci alƙunutu don kare ƙasa daga barazanar ECOWAS da Faransa, suna dogaro da tsohon hukuncin biyayya ga wanda ya riƙe iko don gudun fitina, wasu kuma sun ga an warware alƙawarin da jama'a suka ƙulla da ƙuri'arsu. An dakatar da kundin 2010, kuma a ranar 26 ga Maris na 2025 aka ƙaddamar da sabuwar dokar sake gina ƙasa, wadda ta ba Tiani wa'adin shekara 5 da za a iya sauyawa gwargwadon halin tsaro, aka kuma rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Zaɓen ƙarshe da mutanen kwarin Komadugu suka yi shi ne na Fabrairun 2021.